Kiɗan ƙarfe mai sarƙaƙiya: abin da kunnen mutumin Tamale ya kamata ya sani

Ka ɗauki iyafis ka saka wa wani dattijo a kasuwar Aboabo, ka kunna masa kiɗan nan na daƙiƙa goma. Zai cire ya miƙo maka, ya tambaye ka ko injin niƙan wa ne ya lalace. Ba za a ga laifinsa ba. Ganga tana zuba kamar ƙanƙara a kan kwano, gita tana gurnani, mawaƙin kuma sai ka rantse kura ce ta samu makirufo. A Tamale, inda Fancy Gadam da Maccasio ke cika filin wasa na Aliu Mahama, ba wannan ake sawa a gidan biki ba, kuma ba na jin za a fara nan kusa.

Amma mutumin Tamale, wanda ya tashi da gangunan lunga da gungon a kunnensa, yana da kayan aikin fahimtar wannan kiɗa fiye da Baturen da ya tashi da waƙoƙin rediyo masu bugu huɗu-huɗu. Abin da ya rage masa shi ne a nuna masa inda zai kasa kunne.

Sunan da asalinsa

Turawa suna kiransa progressive death metal. Kalmar ƙarshe tana nufin ƙarfe, ta tsakiya mutuwa, ta farko kuwa abin da ya wuce iyakar da aka saba. Mu kira shi kiɗan ƙarfe mai sarƙaƙiya, mu huta.

Gidan ƙarfe babba ne, kuma yawanci ana kai tushensa birnin Birmingham na Ingila, garin masana'antu, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Mai gitarsu, Tony Iommi, inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17. Ya ƙera wa yatsun huluna na roba, daga baya ya sassauta tsirkiyoyin gitar don su rage masa zafi. Tsirkiya in ta yi sako-sako muryarta takan yi ƙasa, ta yi kauri. Duk mai kiɗan gurmi ko garaya ya san haka. Wannan nauyin shi ne gadon gidan har yau.

Bayan shekara goma sha biyar, samari a Amurka suka ƙara wa abin wuta: sauri ya ƙaru, murya ta koma gurnani, zance ya koma kan mutuwa da abin tsoro. Jihar Fulorida ce cibiya, musamman Tampa, inda ɗakin ɗaukar sauti na Morrisound ya zama mahaɗarsu. Jagoransu Chuck Schuldiner ne, ƙungiyarsa ma sunanta Death, faifanta na farko ya fito a 1987. Shi ɗin ne kuma ya fara gajiya da zubar da jini a baka. A 1991 ya ɗauko makaɗa da suka sha kiɗan jaz, wato Paul Masvidal da Sean Reinert da Steve Di Giorgio, suka yi faifan Human. Waƙoƙin suka koma kan halin ɗan Adam, kiɗan kuma ya shiga lanƙwasa da juyi. A shekarar ce Atheist suka fitar da Unquestionable Presence, a 1993 Cynic suka biyo da Focus. Schuldiner ya rasu a Disambar 2001 sakamakon ciwon daji a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 34.

A Suwidin aka bi wata hanyar. Edge of Sanity sun yi faifai a 1996 mai suna Crimson, waƙa guda ce tal ta minti 40. Opeth, waɗanda aka kafa a Stockholm a 1990, su suka fi kowa shahara: mawaƙinsu Mikael Åkerfeldt zai yi gurnani na minti uku, sai komai ya lafa, ya ɗauko gitar katako ya rera da murya mai laushi kamar ba shi ba. Faifansu Blackwater Park na 2001 shi ne ƙofar da mutane da yawa suka shigo ta cikinta. Wanda kuma ya kalli bikin buɗe gasar Olamfik ta Paris ranar 26 ga Yulin 2024 ya riga ya ga 'yan gidan ko bai sani ba: mutanen da suka tsaya a tagogin wani tsohon gini suna kiɗa, wuta na tashi, su ne Gojira na Faransa.

Inda za ku kasa kunne

Kuskuren farko shi ne bin murya. Mun saba da waƙar da mawaƙi ke gaba, makaɗa da 'yan amshi na biye. Shata yana faɗa, kalangu yana tabbatarwa. A nan ba haka abin yake ba. Muryar ɗaya ce daga cikin kayan kiɗa, wani lokaci ma ita ce ƙaramarsu. Ku bi ganga da farko.

Ku tuna yadda ake kaɗa Takai a Dagbon. Maza sanye da riguna masu faɗi suna zagaye, kowa riƙe da sandar ƙarfe, ya juya ya haɗa da na gabansa, ya juya ya haɗa da na bayansa. Masu gungon suna riƙe da ƙasa, masu lunga suna amsawa, babban makaɗi yana yawo a sama. Kuma Takai ba kiɗa guda ba ne daga farko zuwa ƙarshe: sassa ne a jere, in lokaci ya yi babban makaɗi ya ba da alama, a sauya taku baki ɗaya ba tare da an tsaya ba. Baƙon da bai saba ba hayaniya yake ji. Ɗan gari kuwa yana jin kowace ganga a mazauninta, ya san sauyin yana tafe tun kafin ya iso. Wani Ba'amurke, John Miller Chernoff, ya zauna gaban Alhaji Ibrahim Abdulai a nan Tamale yana koyon wannan sauraro, har ya rubuta littafi a kansa a 1979. Abin da ya ƙetaro teku ya nema, yaran unguwa sun tsince shi a ƙofar gida.

To haka waƙar ƙarfe mai sarƙaƙiya take. Ba ta da baiti da amshi masu komowa kamar waƙar rediyo. Ginshiƙinta gajeriyar jimlar gita ce da ake maimaitawa, makaɗan suna kiranta rif. Za a kaɗa rif sau huɗu ko takwas, a ajiye, a ɗauko wani, a sauya gudu, a koma shiru, a dawo da na farkon sanye da wata riga. Waƙa guda tana iya ɗaukar rif goma sha biyar. Daɗin yana wajen gane wanda ya dawo, da jin yadda aka ɗinke wannan da wancan.

Sai maganar ƙidaya, wadda ita ce zuciyar abin. Yawancin waƙoƙin zamani huɗu ake ƙirgawa a koma. Waɗannan mutanen sukan ƙirga biyar, ko bakwai, ko goma sha ɗaya. Gwada bakwai a kan cinya: ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku, ka koma. Za ka ji kamar mai tafiya yana ɗan ɗingishi, amma ɗingishin da gangan ne, kuma yana da tsari. Wani lokaci kuma hannun mai ganga yana kan huɗu, ƙafafunsa da gita suna kan wata ƙidayar daban, su rabu su yi ta tafiya, sai can su haɗu a bugu guda kamar matafiya biyu da suka yi alkawari a mararraba. 'Yan Suwidin ɗin nan Meshuggah sun gina sunansu kacokan a kan wannan dabara. Ɗora bugu uku a kan biyu, wanda ɗalibin makarantar kiɗa a Turai ke zufa kafin ya iya, tsofaffin mata suna tafa shi a gidan suna daga Tamale har Katsina.

Kada dai a yi zaton abu ɗaya ne. Kiɗan Dagbon zagaye yake yi, ƙasarsa ba ta motsi, domin masu rawa su samu wurin taka ƙafa. Kiɗan ƙarfe mai sarƙaƙiya yakan janye tabarmar da gangan, yana so ka yi tuntuɓe. Babban bambancin kuma shi ne lunga tana magana. Tana kiran sunan sarki, tana jero kakanninsa, tana jefa karin magana, wanda ya ji Dagbanci ya ji abin da ta ce; kalangu ma haka yake da Hausa. Gangar ƙarfe duk gudunta ba ta taɓa cewa uffan ba. A wannan fannin, a ganina, lunsi, wato masu kaɗa lunga, sun yi musu nisa, kuma babu yawan atisaye da zai cike tazarar.

Ƙazamin sautin gitar fa? Da gangan ake cusa wa amfilifaya sigina fiye da ƙarfinta har sautin ya dagule ya yi gashi. Mu ma ba ma son sauti fes. Gungon yana da tsirkiya a kan fatarsa don ta riƙa zuuu in an buga. Dagarawa na arewa maso yammacin Ghana suna huda ƙoƙunan da ke ƙarƙashin gyil, kayan kiɗansu na katako, su liƙe ramukan da farar yanar gizo-gizo don shi ma sautin ya riƙa zuuu. Goge ma ai ba don santsi ake sonsa ba. Turawan da wutar lantarki suka nemo abin da mu muka samo da fata da ƙwarya.

Gurnanin

Nan ne mutane da yawa ke juyawa. Amma wanda ya taɓa jin King Ayisoba, mai kologo ɗan Bongo Soe kusa da Bolgatanga, ya san mawaƙi na iya ajiye murya fiye da ɗaya a maƙogwaronsa: ga siririya, ga kuma wata mai kaushi kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, yana sauya su cikin waƙa guda kamar mutum biyu na musu. Abin da Åkerfeldt ke yi ke nan, sai dai nasa ya fi zurfi. Wanda kuma ya tsaya a filin 'yan tauri ko na dambe ya ji namiji na kirari har muryarsa ta dushe, ya san akwai zancen da ba a faɗarsa da lallausar murya.

Ba ihu ba ne, kuma wanda ya ɗauke shi ihu zai kwana da ciwon wuya. A saman igiyoyin murya akwai wasu naɗe-naɗen tsoka biyu da ba a amfani da su wajen magana. Su ake koya wa kaɗawa, iska kuma daga ciki ake turo ta, ba daga wuya ba. Ƙwararre yana iya yin sa'a biyu a dandamali ya sauko ya yi hira lafiya lau. Ƙarar da kuke ji yawanci aikin makirufo ne. Ƙa'idar masu koyo guda ce: in ya yi zafi, ba daidai kake yi ba, tsaya.

Me suke faɗa, kuma ina addini?

Tambayar da uba zai fara yi ke nan in ya ga hoton ƙwarangwal a wayar ɗansa, kuma tana kan hanya. Gaskiya ita ce a cikin babban gidan ƙarfen mutuwa akwai ƙungiyoyin da suka mai da zagin addini da kiran Shaiɗan sana'a, wasu don neman suna, wasu da gaske. Ba sai an ɓoye wannan ba. Reshen mai sarƙaƙiya dai ya fi karkata wani wajen: Schuldiner na ƙarshe yana magana ne kan munafunci da cin amana da raunin ɗan Adam, Cynic kan zurfin tunani, Gojira kan teku da dazuzzuka da ɓarnar da ake yi wa ƙasa, Opeth kuma labaran baƙin ciki da rashi. Tunda ba a jin kalmomin da kunne, wanda abin ya dama sai ya nemo rubutun waƙar ya karanta kafin ya mai da ita abokiyar hira. Hukuncin kiɗa kansa kuwa tsohuwar muhawara ce tsakanin malamai, ta riga gitar lantarki zuwa duniya, ba ni zan raba ta ba.

Zancen mutuwa a waƙa kuma ba baƙonmu ba ne. Waƙoƙin maza na ƙasar Hausa cike suke da ita. Wanda ya saurari Ɗan Anace yana wasa Shago ya san kabari da lahira ba sa nisa da bakin makaɗin dambe.

Rashin fahimta dai yana da tsada. A 2003 wata kotu a Kasabalanka ta Maroko ta ɗaure matasa 14, makaɗa da masoya kiɗan ƙarfe, bisa zargin taɓa addini, har da baƙaƙen riguna a cikin hujjoji. Sai da jama'a suka yi ca kafin aka saki mafi yawansu.

A nahiyarmu

Ba sai an je Suwidin ba. A Lome, maƙwabta, akwai Arka'n Asrafokor, ƙungiyar da Rock Ahavi ke jagoranta. Suna waƙa har da harshen Ewe, sun zaunar da gangunan gargajiya kusa da gitar lantarki, kuma rif ɗinsu a kan takun gida yake tafiya, ba ado aka yi da gangunan ba. Faifansu Zã Keli ya fito a 2019. Ga mutumin Tamale, da su ya kamata a fara, domin ƙafa za ta gane takun kafin kai ya gama gardama. A Akara an yi Dark Suburb masu rufe fuska da ƙwarangwal, kodayake nasu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A Botsuwana, garin Ghanzi da ke cikin hamadar Kalahari yana da Overthrust, masu ƙarfen mutuwa tsantsa, da bikin shekara-shekara inda masoya ke zuwa cikin baƙar fata da hular makiyayan Amurka. Wajen nahiyar kuwa, mai son jin inda goge zai iya zama, ya nemi Ne Obliviscaris na Ostireliya, waɗanda gogen Turawa ke tsakiyar kiɗansu.

In kana son ka kaɗa

Ƙungiya yawanci mutum huɗu ne ko biyar: gita biyu, gitar bes, mai ganguna, da mawaƙi, wanda sau da yawa shi ma yana riƙe da gita. Masu gita sukan sassauta tsirkiya ƙasa da yadda aka saba, wasu su sayi mai tsirkiya bakwai ko takwas maimakon shida. Dabarun hannun dama biyu ne ke ɗauke da rabin aikin. Ɗaya ita ce danne tsirkiyoyi da gefen tafin hannu yayin bugu, sautin ya fito a dunƙule, dum-dum. Ɗayar kuma kaɗa tsirkiya guda sama da ƙasa da matuƙar sauri har sautin ya zama kamar zare ɗaya.

Mai ganguna shi ne ya fi kowa shan wuya, shi ne kuma ya fi wuyar samu a ko'ina a duniya. Ƙafafunsa biyu duka suna kan feda suna dukan babbar ganga, gudun yana iya wuce bugu 200 a minti, hannuwa kuma suna wani aikin daban a kan ƙananan ganguna da fayafayan tagulla. Ba ƙarfi ake nema ba, sakin jiki ake nema. Wanda ya ɗaure tsoka zai ƙare a minti biyu. Hanyar koyo ba ta da daɗin ji: ka sa manhajar ƙidayar bugu a waya, ka fara a hankali har abin ya ba ka haushi, in ya zauna ka ƙara kaɗan. Ɗan gidan lunsi da aka rataya wa ƙaramar lunga tun yana yaro ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wata da watanni ne, ba mako ba.

Sannan akwai haddacewa. Waƙar minti goma mai sauyi ashirin ba ta yafe wa wanda hankalinsa ya tafi. Mutum guda ya ɓata ƙidaya, duka ginin ya rushe. Shi ya sa makaɗan ke raba waƙa gunduwa-gunduwa, su ba kowane yanki suna, su yi ta nanata mahaɗar kawai, wato daƙiƙa biyar ɗin da ake tsallakawa daga wannan rif zuwa wancan.

A Tamale akwai ƙarin abokan gaba uku: wuta, maƙwabta, da hunturu. Na farko da na biyu maganinsu guda ne a zamanin nan. Da kwamfutar cinya, da ɗan akwatin da ke haɗa gita da ita, da abin ji na kunne, mutum zai iya samun sautin amfilifaya ba tare da ya tashi unguwa ba, ya tsara ganguna a manhaja, ya ɗauki waƙa sukutum a ɗakinsa. Da yawa daga masu wannan kiɗa a duniya haka suka fara. Gangunan gaske kuwa sai an nemi inda suke, kuma a garuruwanmu galibi a coci-coci da wajen masu kiɗan biki ake samunsu, da feda guda. Fedar ƙafa biyu sai an yi oda.

Hunturu kuwa ba ya wasa da katako. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska takan bushe ƙarau, wuyan gita ya motsa, bakin ƙarafunan da ke jikinsa ya fito yana yankar hannu, gitar katako ma ta iya tsagewa. A ajiye ta cikin jakarta, nesa da taga, da ɗan soso mai laima a cikin roba mai huji. In zafin Maris ya shigo, gumi ne ke cin tsirkiya. A goge ta da ƙyalle bayan kowane atisaye, domin sabuwa ba a kowane shago ake samunta ba.

Kunne kuma ba shi da gyara. Ƙarar da ta kai desibel 85 tana fara ɓarna in an daɗe cikinta kamar awa takwas, ɗakin atisaye mai ganguna kuwa yakan wuce 100, inda mintoci kaɗan sun isa. In ka fito kana jin wiii a kunne, an riga an taɓa wani abu. Abin toshe kunne na soso, irin wanda masu aikin injin ke sawa, ba shi da tsada, kuma ana jin ƙidayar bakwai ɗin sarai ta cikinsa.